Godiya bayan dawowar sabobinmu

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar manhajar zanenmu ta buɗe a duk kwamfutocin ofis, yara sun koma kan ayyukan mutane da suka daɗe a rataye. Kun san yadda wutar nan ta ƙona mana sabobi, wato manyan kwamfutocin da sauran na ofis suka dogara da su, ba sai na sake tado da shi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne lasisi. Tsarin FlexNet da muke kai, wanda ke kula da lasisin manhajar, sabobi 3 ne, kuma dole 2 su kasance a kunne kafin ya ba kowa izinin aiki. To, 2 ne suka ƙone. Ga shi fayil ɗin lasisin a ɗaure yake da lambar MAC, wato lambar shaida ta katin netwok na kowace saba, ko ka kwafe shi zuwa sabuwar na'ura ba zai amsa ba. Kuɗin sabon lasisi kuwa, ko motata na sayar ba za ta kai ba.

Injiniya, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba. Bawan Allah nan ya zauna a ƙasa bayan sallar isha, ni ina haska masa fitilar waya hannuna na rawa, ya zare faifan ajiya daga sabar da har lokacin take warin ƙuna, ya jona shi da laftof ɗinsa. Faifan ya yi ƙara sau ɗaya ya yi tsit. Wallahi na ɗauka shi ke nan. Ya ce, "Alhaji, yi salati." Ya canza wayar da ya jona faifan da ita, sai ga fayil ɗin lasisin ya fito. Daga nan ya ciro katunan netwok ɗin, da yake ba a jikin babban allon sabobin suke manne ba, ya dasa su a sababbin sabobin don lasisin ya ga lambobin da ya sani. Da na miƙa masa ambulan ya ture hannuna.

Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuri'a. Baba maigadi da ya kwana yana zuba wa janareta mai, Allah Ya ba ka lafiya. Uwargida da ta riƙa aiko mana da abinci har cikin dare, Allah Ya bar mu tare. Maƙwabcinmu mai shagon buga takardu da ya ara mana inbata, Allah Ya buɗa kasuwa.

'Yan'uwa da muka zaci za su leƙo ko su buga waya, mun san hidima ta yi yawa, Allah Ya bar zumunci.

Waɗanda suka ba mu aiki, ku ƙara mana haƙuri zuwa Litinin, za mu fara da waɗanda suka fi daɗewa suna jira.