Faifan wanki ko sandar feshi: abin da dandamalin katakona ya koya min

Tun ranar da na sayi injin feshin ruwa nake jin kamar babu dattin da zai gagare ni, na wanke mota, na wanke katanga, na wanke simintin tsakar gida har ya koma kamar ranar aka zuba shi. To da idona ya kai kan dandamalin katakon da ke bayan gida, wanda ya yi baƙi-baƙi ga gansakuka ta kama gefen da rana ba ta kaiwa, ai ban tsaya wani tunani ba, na ɗauko faifan wankin nan na jona, na ce minti ashirin ma ya yi yawa.

Ga wanda bai san faifan ba, wani abu ne zagayayye kamar murfin tukunya da ake jonawa a bakin injin, a ƙarƙashinsa akwai ƙarfe mai baki biyu da ƙarfin ruwan ke juya shi da gudu, kai kuma turawa kawai kake kamar mai yankan ciyawa. A kan siminti wallahi babu kamarsa, ba ya fantsama maka ruwa a jiki, ba ya barin layi-layi, kuma nisan bakin da ƙasa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ita kuwa sandar feshi ita ce dogon ƙarfen da ke zuwa da injin, mai kunama kamar ta bindiga, hannunka ne ke yanke nisa da saurin tafiya da inda ruwan zai dosa.

Lokacin da katakon ke jiƙe komai lafiya lau, har ina yaba kaina. Washegari da ya bushe sai ga zobba-zobba reras a kan allunan, kamar an ɗora kofuna ɗari an ɗauke, ga saman katakon ya yi gashi-gashi, in ka taka da ƙafa ba takalmi sai ka ji yana sukarka. Uwargida ta leƙo ta duba, ta ce "Maigida wannan ado ne ko aiki ne?" ta koma ciki abinta.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Katako yana da zare da ke tafiya ta tsawonsa, kuma ba duk jikinsa ne taurinsa ɗaya ba, layukan nan masu haske da bishiya ke yi a farkon lokacin girma sun fi laushi, masu duhun sun fi tauri. In ruwa mai ƙarfi ya bugi allon sai ya kwashe mai laushin ya bar mai taurin a tsaye, shi ya sa za ka ga katako ya yi kwari-kwari. To shi faifai juyawa yake, a kowane zagaye sai ya ratsa zaren a kwance, ya bi shi, ya sake ratsawa, ba ruwansa da inda zaren ya nufa. Kuma duk inda ka ɗan dakata, ko don ka janye tiyo ne da ya maƙale, nan take ya zana maka da'ira. Wani abin kuma shi ne ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfin, sai ka wuce sannan ka ga ɓarnar, a lokacin kuwa aikin gama ya gama.

Maganar matsin ruwa ita ce inda na fi yin wauta. Injina na fetur ne, yana kai wajen PSI 3000 (PSI shi ne ma'aunin matsin ruwa), alhali katako mai laushi irin su pine da cedar abin da ake so shi ne 500 zuwa 600, in an matsa a kai 1200, katako mai tauri ne ma ake iya kai shi wajen 1500. Ka ga kenan na ninka abin da katakon ke iya ɗauka kusan sau biyar, kuma daga nisan da bai wuce ɗan yatsa ba, domin bakunan faifai kusa da ƙasa suke sosai. Da sanda kuwa ko injinka ya fi haka ƙarfi, ja da baya kawai za ka yi ƙarfin ya ragu, wannan damar faifai ba ya ba ka ita.

Bakunan sanda launi-launi ne kuma kowane da ma'anarsa. Ja faɗin feshinsa digiri 0 ne, ruwan na fita kamar allura, wannan ko kusa da katako kar ya je, zai iya rubuta sunanka a jikin allo, zai kuma iya huda fatar mutum, kuma irin wannan raunin ko ya yi kama da ƙarami asibiti ake tafiya. Rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma 65 na zuba sabulu ne. Ni yanzu fari nake sawa, kore sai in wuri ya yi taurin kai. Akwai wani baki mai juyawa da ake kira turbo, shi ma ka bar shi wa kankare.

Yadda nake yi yanzu ba wani abin burgewa ba ne, kuma gaskiya injin ma ba shi ne ke yin babban aikin ba. Na farko in share, in ƙwaƙulo ganyen da ya cushe a tsakanin alluna, in bi duk ƙusar da ta ɗago in mayar da ita. Sai in jiƙa shukokin da ke kewaye da ruwa zalla, in dama hodar wanke katako mai sodium percarbonate a bokiti, in shafa, in ba ta minti 10 zuwa 15 ba tare da na bari ta bushe ba, sannan in goga da buroshi mai tauri. A nan ne dattin ke saki. Funfuna da gansakuka abubuwa ne masu rai, in ka kore su da ƙarfin ruwa kawai ka aske saman ne, ba da daɗewa ba za su dawo. Bayan haka sai sanda ta shigo don ɗauraya, nisa kamar santimita 30 daga katako, ina bin tsawon allo, allo ɗaya ko biyu a lokaci guda daga wannan ƙarshen zuwa wancan ba tsayawa. Sirrin da ya ɗauke ni lokaci kafin hannuna ya saba shi ne ka danna kunamar tun bakin na sama sannan ka sauko da shi kana cikin tafiya, in za ka saki ma ka ɗaga tukuna, in ba haka ba kowane wurin farawa da tsayawa zai bar maka tabo kamar an ja layi da wuƙa. Kuma ka fara gwadawa a wani lungu da ba mai gani.

Ba zan ce sanda ba ta da nata laifin ba. Tana cin lokaci, bayanka zai gaya maka, za ka jiƙe sharkaf, kuma in hannunka na lilo kamar mai share ƙasa, tsakiya ya fi kusa gefe ya fi nisa, za ka samu zane irin na jakin dawa. Na ga masu wannan sana'a da ke sa faifai a kan katako kuma aikin ya fito tsaf, amma in ka lura sun canja bakunan ciki zuwa masu faɗin rami don matsin ya sauka, injinsu na ba da ruwa mai yawa, katakon mai tauri ne kuma a shimfiɗe yake ba wanda ya bauɗe, kuma ba sa tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. Duk da haka matakala da dogaran gefe da lunguna sai sun koma wa sanda, domin abu zagayayye ba ya shiga kusurwa. Yawan ruwan nan ma abin lura ne, lissafin da aka saba yi shi ne inci 4 na faɗin faifai ga kowane galan ɗaya a minti, wato ƙaramin injin lantarki da bai kai galan 2 ba in ka ɗora masa faifai mai inci 15 juyawar za ta yi sanyi, zobban su fi fitowa.

Gyaran ɓarnata ya ci min kwana biyu ina durƙushe da samfefa mai lamba 60, na bi da 80, har zobban suka ɓace, ban da allo uku da suka yi zurfi, su kam juya su na yi ƙasa ya koma sama. Na bi da ruwan oxalic acid don launin ya farfaɗo, na ɗauraye, na jira awa 48 cur ba ruwan sama kafin na shafa man katako, saboda in ka rufe danshi a ciki man ɓarewa zai yi. Af, in katakonka tsoho ne irin wanda aka yi wa maganin hana ruɓewa da ake kira CCA, wanda aka daina sayarwa don aikin gida a Amurka daga ƙarshen 2003, akwai sinadarin arsenic a ciki, kar ka kama gurza shi da samfefa haka kawai kana shaƙar ƙurar.

Faifan yana nan rataye a gareji, ranar wankin siminti nake sauko da shi. Maƙwabcina ya zo aro makon jiya zai wanke nasa dandamalin, na ja shi na nuna masa ƙasan allunan nan uku, ya duƙa ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce in ba shi buroshin da farin bakin kawai.