Daren da kyamarata ta yi gyangyaɗi

Wata dina ce a wani ɗakin taro a nan Kano, cikin sanyin hunturu. Na kafa kyamara a can kusurwa bisa ƙafarta mai uku, na ɗora ta kan sabon kai mai mota, wato ɗan injin lantarki, da na sayo, irin wanda ake juyawa da rimot, ya waiga hagu da dama, ya ɗaga sama ya duƙa ƙasa. Ni kuma ina zaune nesa da ƙaramin allo a cinya, ina jin kaina wani babban darakta. Ango da amarya suka shigo, ƙawaye na biye, na tura sandar rimot a hankali don in bi su. Sai kyamarar ta fara karkarwa, ta yi wata 'yar ƙara kamar ana goga haƙora, sannan ta sunkuya tana kallon kafet. Yaron da ke taya ni aiki ya matso ya raɗa mini, "Oga, barci take ji." Shigowar amarya, wadda ba a maimaitawa, takalman mutane kawai na samu. Allah ya taimake ni akwai kyamara ta biyu a hannu.

Da farko na ɗora wa injin laifi, har na yi niyyar mayar wa mai shago kayansa. Sai da na zauna washegari na gane ni ne na jawo. A gida na daidaita komai da ƙaramin lens na 50mm, wanda nauyinsa giram 186 ne kacal. A wurin biki na cire shi na sa babban lens na Sony 24-70 GM mai giram 886, ban sake taɓa faranti ba, wato ɗan ƙarfen da kyamara ke zama a kai, wanda ake gusarwa gaba ko baya don daidaita nauyi. Ita kanta kyamarar, Sony A7 III, da batir da kati giram 650 ce. Wato gilashin da ke gaba ya fi jikin kyamarar nauyi, duk kayan ya rinjaya gaba, 'yar motar tana ta dako tun farkon taro har ta yi zafi ta saki.

Abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne, motar nan ba a yi ta don ɗaukar kaya ba, juyawa kawai aikinta. Duk wanda ya taɓa ganin ana yi wa jaki mangala ya san zancen. In ɓangare ɗaya ya fi nauyi, komai ƙarfin jakin, tafiyar a karkace za a yi ta. Adadin kilo da ake rubutawa a jikin kwali kuwa, da sharaɗin kayan ya zauna daidai ne.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ba na bari kowa ya gaggauta ni, ko da uwar amarya ce.

Ƙafa nake fara kafawa, in dubi ɗan kumfar nan na ma'aunin ruwa irin na magina har ya tsaya tsakiya. In ƙafa ta karkace, hoto zai yi kyau a inda ka fara, amma kana waigawa gefe za ka ga bango yana gangarawa. Sai in ɗaure kan da babban sukurun nan na inci 3/8, shi kuma faranti ya kama gindin kyamara da ƙarami na 1/4. Kwabo nake sawa in matse shi, yatsa ba ya isa.

Kafin in fara awo, sai na shirya kyamarar tsaf yadda za ta yi aiki: batir a ciki, kati a ciki, makirfo a sama in zan sa, an cire murfin lens, an maƙala wayar HDMI mai fitar da hoto zuwa allo, ƙaramin allon baya a buɗe ko a rufe yadda zai zauna. Ƙananan abubuwan nan mutum yake rainawa, alhali duk abin da ya yi nisa da tsakiya rinjayensa ya fi girmansa.

Sannan, injin a kashe, in kwance makullin ɗaga kai, hannuna ɗaya na tallafe da kyamarar. In ta faɗa gaba, in ja faranti baya. In ta kwanta baya, in turo shi gaba. Kaɗan-kaɗan, milimita biyu ko uku, har ta tsaya da kanta tana kallon gaba. Yawancinmu a nan muke tsayawa, ni ma da haka nake yi, kuma rabin aikin ke nan. Saura sama da ƙasa. Ka ɗaga hancinta ya kalli rufi sosai ka saki. In ta dawo da kanta kamar lilo, nauyin ya yi ƙasa da inda kan ke juyawa, sai a ɗaga mazauninta. In ta ci gaba da kifewa, ya yi sama, sai a sauke. Alamar an gama ita ce duk inda ka ajiye ta, sama ko ƙasa ko tsakani, nan za ta tsaya shiru ba wuta ba makulli. A lokacin nake kunna injin, ba kafin nan ba.

Lens mai zuƙowa yana da tasa fitinar. Wannan 24-70 ɗin yana miƙewa gaba in ka kai shi 70, nauyi ya sake gusawa. Ni a wajen 45 nake daidaitawa, motar ta ji da ɗan bambancin. In na san a wuri ɗaya zan bar shi duk dare, to a nan nake yin awon.

Wayoyi kuma sun taɓa kunyata ni a wani wurin wa'azi. Kan ya juya, HDMI ta nannaɗe a wuyansa ta ja, hoto ya ɗauke. Tun daga nan nake barin rara, in ɗaure ta kusa da tsakiyar juyawa, in kewaya kan da hannu har ƙarshen hagu da ƙarshen dama in ga ba abin da ke ja. SteadyShot ma, wato tsarin hana girgizar hoto na kyamarar, kashe shi nake yi in kyamara na kan ƙafa, don in ka fara waigawa a hankali yana ɗauka girgiza ce, ya riƙe hoton, sannan ya sake shi da fizga. Gudun motar kuwa can ƙasa nake saukewa, in sa ta tashi a hankali ta tsaya a hankali. Biki ba tseren Polo ba ne.

Na sayi farin tef na manna a gefen farantin, na ja layi biyu da biro, ɗaya na rubuta 50, ɗaya 24-70. Yaron nawa ya ƙara na uku da kansa, wai na ranar da Oga zai sayo babban lens. Yanzu canjin lens bai fi minti biyu ba, kuma ko da layin ya nuna daidai, sai na kashe injin na saki hannu na ga ta tsaya kafin a buɗe ƙofar amarya.