Yini Guda a Dürnstein, Garin Inabi na Bakin Kogin Danub

Tun ina makaranta na san labarin Salahuddin Ayyubi da abokin karawarsa Richard, sarkin Ingila da ake yi wa kirari da Mai Zuciyar Zaki, amma ban san abin da ya sami sarkin bayan ya bar ƙasar Falasɗinu ba sai da na kai wa ɗan yayata ziyara a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda yake karatu. Shi ya shaida mini cewa kangon gidan da aka tsare Richard yana nan har gobe a kan wani dutse da ke bakin kogin Danub, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda. Da sassafe, wata Asabar a ƙarshen watan Satumba, muka hau jirgin ƙasa, muka yi tafiyar kusan awa guda zuwa garin Krems, a nan muka yi hayar kekuna biyu muka bi gaɓar kogi muka nufi yamma.

Kwarin da muka shiga sunansa Wachau, ya miƙe kimanin kilomita 36 tsakanin Krems da Melk, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Hanyar keken shimfiɗaɗɗiya ce, wani lokaci ta rungumi ruwa, wani lokaci ta kutsa cikin gonaki da ƙauyuka. Mun zo a lokacin tsinkar inabi, saboda haka ko'ina ka duba mutane ne sunkuye da almakashi da bokiti, ga ƙananan taraktoci suna jan kaya zuwa matsa, iska kuwa ta cika da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ba mu yi tafiyar kilomita goma ba muka hango hasumiyar Dürnstein, shuɗiya da ratsin fari, tsaye dab da ruwa. Ta wani tsohon gidan ibadar Kiristoci ce da aka kafa a 1410, ita kuma hasumiyar an gina ta a ƙarni na 18.

Garin ɗan ƙarami ne, mazaunansa ba su kai dubu ba, ya matse tsakanin kogi da dutse ta yadda babban titinsa guda ɗaya ne tal, an daɓe shi da duwatsu. Baƙi sun yi yawa a ranar, har sai da muka sauka muka tura kekunanmu. Yawancin shagunan giyar inabi suke sayarwa, domin ita ce sana'ar garin tun kaka da kakanni. Mu da ba ma shanta ba mu rasa abin jiƙa maƙoshi ba, don kuwa wata dattijuwa mai shago, da ɗan yayata ya yi mata bayani da Jamusanci, nan take ta zuba mana ruwan inabi zalla wanda aka matsa bai tsima ba, ta kuma ɗanɗana mana ruwan wani ɗan itace da suke kira marille, mai launin ruwan goro, wanda kwarin ya yi suna da shi. A watan Yuli yake nuna, don haka ɗanyensa ya wuce mu.

Daga cikin gari hanya ta tashi zuwa kango. Hawa ne na kusan rabin awa, mai tsini, wani wurin matakala ce da aka sara a jikin dutse. Da ɗan yayata ya ga numfashina ya soma nauyi sai ya ce, “Kawu, a ɗan zauna a huta, ai gidan ba zai gudu ba.” Muka zauna a gindin wani itace, na sha ruwa, sannan muka ƙarasa.

Abin da ya rage a sama bangaye ne da baka-bakan ƙofofi, babu rufi, domin sojojin Suwidin sun rushe ginin a 1645. Labarin da ya kawo ni kuwa ga yadda yake. A 1191, bayan mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka je yaƙi ƙasar Falasɗinu, sun karɓi birnin Akka, rikici ya shiga tsakanin Richard da Leopold na Biyar, mai mulkin Ostiriya, har aka jefar da tutar Leopold daga kan ganuwa. Richard ya ƙulla sulhu da Salahuddin a watan Satumba na 1192, ya kamo hanyar gida, tafiyar teku ta ɓaci masa, ya biyo ta ƙasa a ɓad da kama, sai aka gane shi kusa da Biyana a watan Disamba aka kawo shi wannan dutse. Daga baya Leopold ya miƙa shi ga sarkin daular Jamus Henry na Shida, wanda ya yanka masa fansa ta azurfa mai yawan gaske, ba a sake shi ba sai a watan Fabrairu na 1194. Ina tsaye a wurin na tuna cewa Salahuddin ya rasu a Dimashƙu a watan Maris na 1193, wato lokacin da ya bar duniya abokin gabarsa yana tsare a hannun 'yan'uwansa Kiristoci. Mun sami wani lungu da babu jama'a, muka duba alƙibla a waya, muka yi sallar azahar.

Sai dai daga can sama idona bai daɗe a kan bangayen sarakuna ba, ya koma kan na manoma. Duk gangaren tsaunukan da ke fuskantar rana an yanka su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, a kansa layi biyu ko uku na kurangar inabi. Da muka sauko na bi wata 'yar hanya cikin gonakin na tsaya gaban katanga guda na dube ta da kyau. Babu siminti, babu laka, dutse ne a kan dutse, an zaɓi kowanne an juya shi har ya sami mazauni, an cusa ƙanana a tsakanin manya. Na ɗora tafin hannuna na ji ɗumi, kuma wannan ɗumin yana daga cikin amfaninta, domin dutsen yakan sha rana da yini ya mayar wa kurangar da zafin da dare. Ramukan da aka bari kuwa ta nan ruwan sama yake tsiyaya ya wuce, ba ya taruwa ya ture katangar, ƙasa kuma ba ta zaizayewa. A irin wannan gangare tarakta ba ta da wurin shiga, da hannu ake yankan reshe, da hannu ake tsinka, a baya ake goyo kaya a sauko da su. Nan take na tuna gonakin tsaunin Sukur a jihar Adamawa, waɗanda su ma hawa-hawa ne da katangar dutse, kuma UNESCO ta karrama su tun 1999, shekara guda kafin wannan kwari. A ganina wanda ya zo Dürnstein ya hau kango ya ɗauki hoto ya koma, bai tsaya gaban ɗaya daga cikin katangun nan ba, ya bar mafi girman aikin da aka yi a wurin.

Muna tsaye wani ƙadangare kore shar ya fito daga ramin katangar, ya baje a rana, ya yi tsit na ɗan lokaci kafin ya shige. Ɗan yayata ya ce sunan wannan ƙadangare, wato Smaragd, manoman kwarin suka laƙaba wa mafi daraja a cikin giyar da suke yi.

Bayan la'asar muka ci gaba zuwa ƙauyen Weißenkirchen, inda muka shiga jirgin fito da kekunanmu. Wannan jirgi ba inji ke tura shi ba. An ja wata igiyar ƙarfe a sama daga gaɓa zuwa gaɓa, an ɗaure jirgin da wata igiyar mai gargare da ke bin ta, matuƙi yana karkata jirgin kaɗan sai ƙarfin ruwa ya bugi gefensa ya tura shi ƙetare. Ba ka jin komai sai kukan ruwa a ƙarƙashin katako. Hakan yana yiwuwa ne saboda a nan Danub yana gudu a sake, alhali a mafi yawan tafiyarsa cikin Ostiriya madatsun lantarki sun rage masa ƙarfi. A shekarun 1970 an shirya gina madatsa kusa da Rührsdorf, ƙauyen da muka ratsa bayan mun ƙetare, amma mutanen kwarin suka yi tsayin daka har aka janye shirin.

Gaɓar kudu ta fi natsuwa, baƙi kaɗan ne, hanya ta bi cikin gonakin marille da ganyensu ya fara sauya launi. A bakin ruwan Rossatz muka jingine kekuna muka zauna a kan tsakuwa. Dürnstein yana tsallake kai tsaye a gabanmu, hasumiya a ƙasa, kango a sama, katangun gonaki sun hau tsauni ta dama da hagu, hasken yamma ya mai da su ja. Wani dogon jirgin kaya ya wuce yana haurawa, igiyar ruwansa ta zo ta jiƙa mana takalma. Ɗan yayata ya duba agogo ya ce, “Kawu, in ana so a sami jirgin ƙasa kafin duhu, sai a tashi.” Muka hau muka bi gaɓa zuwa gadar Mautern, muka haye zuwa Krems magariba tana kawo jiki.