Godiya ga waɗanda suka riƙe mini goyo har na zama malamar rabin aji mai lasisi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi. A makon nan takardar rajistata da lasisin koyarwa na Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, suka iso hannuna, bayan na kammala NCE a fannin kula da ƙananan yara da ilimantar da su a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Tun da ƙanwata ta ɗora hoton a Facebook wayata ba ta huta ba. Wasu sun kira, wasu sun aiko saƙo, matan unguwarmu kuwa takanas suka taso har gida da guɗa. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuta nan. Wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Da yawa sun tambaye ni, "Ashe ba tun 2023 kika gama ba, wace takarda ce kuma wannan?" Takardu biyu ne. NCE kwaleji ke ba da ita bayan karatun shekara uku, kuma ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda mutum ya shiga aji da ita a Najeriya. TRCN kuwa hukuma ce da aka kafa da doka a 1993 don ta yi wa malamai rajista kamar yadda likitoci da lauyoyi ke da tasu. Tun 2017 sai an zauna jarrabawarta a kan kwamfuta kafin a sa sunan mutum. Masu NCE muna rukunin D, masu digiri na farko suna C, har zuwa A na masu digirin digirgir, kuma lasisin ana sabunta shi duk bayan shekara uku. To wannan ta biyun ce ta fito yanzu.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Inna ce, mahaifiyar maigidana. Lokacin da sunana ya fito cikin waɗanda kwaleji ta ɗauka ina da goyo, ga wansa bai fi shekara uku ba. Na je ina kame-kame, ban ma kai ƙarshen maganar ba ta katse ni: "Ke dai tahi ki yi karatunki, ɗiyan ga nawa na." Daga ranar har na gama ba ta taɓa yi mini gori ba. Ita ta yaye mini yaron. Ita ke dama masa kunu da asuba in na fita neman kabu-kabu, ita ke kwana da shi a makon jarrabawa. In na dawo da yamma kuma ba ta barina in zauna sai ta ji, "Mi kika koyo yau?" Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma sau da yawa in na gaya mata darasin sai ta yi dariya ta ce ai wannan kowace uwa ta san shi, kuɗi kawai muka biya aka rubuta mana shi a allo. Wani lokacin da gaskiyarta. Inna, Allah Ya ja kwana, Ya sa 'ya'yanki da jikokinki su yi miki fiye da haka.

Sai maigida. Duk mutumin Kebbi ya san abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafa. Kuɗin rajistata ta kwaleji a fadama suke, ruwa ya tafi da su a dare ɗaya tun ba a kai ga yanka ba. Na ce masa mu haƙura sai baɗi. Bai ce komai ba, washegari ya kai tunkiyarsa kasuwa. Abin da ya rage matan adashenmu suka cika, domin wadda kwasa ta zo kanta ta ce a ba ni, ita ta koma ƙarshen layi. Ba zan faɗi sunanta ba don na san ba za ta so ba, amma ta san kanta, kuma Allah Ya san ta.

Malamanmu na sashe, yabon gwani ya zama dole. Na shiga kwaleji a matsayin wadda ta riga ta yi shekaru tana taimakawa a rabin aji ba tare da takarda ba, irin mu da ake ce wa "je ki zauna da yaran nan kada su fita". A wurinku na ji cewa aikin yana da tarihi kuma yana da ka'ida. Kun ba mu labarin Froebel, Bajamushen da a 1840 ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan da duniya ke kiran ta da shi har yau, wato kindergarten, da Maria Montessori, likitar da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum na Italiya a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara. Abin da ya fi zauna mini shi ne gwajin Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, domin na gwada shi da hannuna a tsakar gidanmu. Na jera gyaɗa biyar-biyar a layi biyu, na tambayi babban ɗana, lokacin yana shekara huɗu, wanne ya fi yawa. Ya ce daidai suke. A gaban idonsa na bubbuɗa layi ɗaya ya ƙara tsawo, ban ƙara ko ƙwaya ba. Nan take ya nuna mai tsawon ya ce shi yake so, ya fi yawa. Na sa ya ƙirga, ya ƙirga biyar a nan biyar a can, amma bai sauya magana ba. Yaron nan ya iya rera ɗaya zuwa ashirin ba gargada, sai dai rerawa daban, fahimtar adadi daban. Wanda bai san wannan ba shi ke ɗaukar bulala ya ce yaro daƙiƙi ne.

Malamar da ta koya mana haɗa kayan koyarwa, ban taɓa ganin mai ƙin uzuri irinta ba. In ka ce mata babu kayan aiki sai ta ce, "Malama, a garinku babu laka? Babu kara? Babu murfin kwalba?" Ta sa mun yi haruffa da kwali, mun yi ƙwallo da tsumma, mun huda murafen kwalba mun zira su a zare, mun ƙera mota da karan dawa, mun kawo yumɓu daga bakin fadama. Kuma kowanne sai ka faɗi abin da yake gyarawa a jikin yaro. Zira murfi a zare da murɗa laka da yaga takarda, su ke ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe fensir. Yaron da bai yi waɗannan ba aka danƙa masa fensir aka ce ya cika shafi, zai dunƙule shi ne a tafin hannu, ya gaji, ya tsani rubutu tun bai san mene ne ba. Ita ce kuma ta sa muka zauna muka rubuta wasanninmu na gida, carafke da langa da waƙoƙin gaɗa da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, muka fitar da abin da ke cikin kowanne na ƙirge ko sauraro ko jiran layi. Malama, duk lokacin da na tsinci murfin kwalba a hanya ke nake tunawa, har yarana sun fara jin kunyar tafiya da ni kasuwa.

Malamin darasin lafiya da abinci shi ma ina gode masa. A wurinsa na koyi duba katin rigakafi, da amfani da ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake auna damtsen yaro: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba batun karatu ake ba, asibiti za a nufa.

Koyarwar gwaji ta zo mana a farkon 2023, daidai lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun mutane. Ba zan manta da mai kabu-kabun da ya yi ta kai ni bashi ba, yana cewa in kuɗi suka dawo duniya na biya shi. Allah Ya sa albarka a mashin ɗinsa. Makarantar da aka tura ni, kundin manufar ilimi ta ƙasa na 2013 ya ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, ni kuwa na tarar da ninki uku da ɗoriya a kan tabarmi, wasu da ƙannensu a baya. A nan na haɗu da tsohuwar malamar da ta riƙe ajin tun kafin in yi aure. Takardarta ta tsohon tsari ce, amma ta iya abin da babu shi a littafi. Ba ta ɗaga murya. In hayaniya ta yi yawa sai ta fara tafi a hankali, tana rage sauti, kafin ka ankara duk sun bi ta sun yi tsit. Ta san wanda ya zo bai karya ba tun daga yadda ya zauna. Ta kan raba su gida huɗu, waɗannan da laka, waɗancan da yashi suna zana harafi da yatsa, ita tana zagayawa.

A ajinta na yi aikin da ya fi kowanne daɗi a raina. An koya mana mu riƙa rubuta abin da muka lura da shi game da kowane yaro, ba abin da muke zato ba. Akwai wata yarinya da kowa ya yanke wa hukuncin taurin kai, ana kira ba ta amsawa. Da na riƙa rubutawa sai na ga tana amsawa in ina gabanta tana kallon bakina, ba ta amsawa in na kira daga baya, kuma kullum kunne ɗaya take juyowa. Na nuna wa Malama, muka je gidansu tare, domin ni kaɗai ba za a saurare ni ba. Uwar ta ce ai kunnen ya daɗe yana zubar da ruwa, suna ɗiga mata magani na gida. Aka kai ta asibiti, muka dawo da ita layin gaba. Kafin in bar makarantar ita ke jan waƙar safe. Malama, na gode da kika yarda ɗalibar gwaji ta gaya miki abin da ta gani, ba kowa ke yarda ba.

Iyayen yara, na gode, har da waɗanda muka yi ta ja-in-ja. Wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ɗan maƙwabcina a makarantar kuɗi yana rubuta ɗaya zuwa ɗari da Turanci, nawa kullum sai ya dawo da laka a riga." Na fahimce shi sarai, kuɗin sabulu ba wasa ba ne. Amma ra'ayina bai sauya ba: yaro ɗan shekara huɗu da ya iya ba da labari da Hausa daga farko har ƙarshe, ya iya jiran layinsa, ya iya ware jajayen murafe daga shuɗɗa, ya fi wanda ya haddace abin da bai san ma'anarsa ba shirin shiga aji ɗaya. Kuma wannan ba son raina ba ne, kundin 2013 ɗin nan ya ce a koyar da su da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, shi ne kuma ya sa shekara ɗaya ta share fage a cikin ilimin tushe. Tun dokar 2004 aka ambaci kula da ƙananan yara a tsarin ilimin bai-ɗaya, shirin da aka ƙaddamar nan kusa da mu a Sakkwato a 1999. Abin da ya rage shi ne a daina tura wa ajin nan malamin da aka rasa inda za a kai shi.

'Yan ajinmu na Zuru da Yawuri da Kamba da Jega da Gwandu, mun ci tuwo a kwano ɗaya, mun yi karatu da fitilar waya. Wadda ta koya mini 'yan kalmomin Zabarmanci da wadda ta koya mini gaisuwar Fulatanci, ku sani sun yi mini rana, domin yaron da ya zo yana kuka ba ya jin Hausa, kalma ɗaya ta harshen gidansu ke sa ya saki zanen yayarsa. Waɗanda ba su zauna jarrabawar hukuma ba tukuna, kada kwamfuta ta ba ku tsoro. Tambayoyin zaɓi ne, kuma yawancinsu abin da muka yi ne a darussan ilimi, sai ƙa'idojin aikin malanta da ɗan Turanci da lissafi da sanin kwamfuta. Ni da ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ɗan yayata ne ya riƙa kai ni shagon intanet yana dariyar yadda kibiyar ke guje mini, har hannuna ya faɗa. Ɗana, Allah Ya ba ka naka rabon.

Waɗanda suka ce na tafi karatun raino, ba na riƙe da kowa. Wasunku 'ya'yanku suna ajina yanzu, kuma ina jin daɗin zama da su.

Babana bai ga wannan rana ba. Shi ya fara kai ni makaranta a kan kekensa lokacin da ake cewa boko ba na 'ya mace ba ne. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a, Allah Ya jiƙansa da sauran magabatanmu. Wanda kuma ya yi mini alheri ban ambace shi ba ya yafe mini, yawa ne ya yi yawa.

Masu tambayar walima, za a yi sauƙaƙƙiya a gida ranar Asabar bayan la'asar, ta mata ce. Don Allah kada kowa ya wahalar da kansa da atamfa ko kwanuka. Mai son ya ba ni kyauta ya tara mini kwalaye, da murafen kwalba, da ragowar yadi daga wurin tela, da tsofaffin kalandu masu farin baya. Masu shago da masu sayar da lemo, da ku nake musamman. Zan aiko yara su karɓa kafin a koma hutu.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.