Jan Gari a Goshin Ɗan'uwa: Kwana Ɗaya a Matura

Na bar Delhi da yamma daga tashar jirgin ƙasa ta Nizamuddin, cikin awa biyu da 'yan kai muka sauka Matura, mai nisan kilomita wajen 150 ta kudu. Gara mutum ya kwana a garin, don hidimar da sassafe ake yi. Ranar 3 ga Nuwamba, 2024 ce Bai Duj, bikin 'yan'uwa da ke zuwa bayan Diwali, bikin fitilu na Hindu, da kwana biyu.

Adaidaita sahu ta ajiye ni a Ƙofar Holi. Daga nan sai tafiyar ƙafa cikin lungun kasuwa har matakalar Bishram, bakin kogin Yamuna, inda yaya da ƙanwa ke riƙe hannun juna su nutsa a ruwa. A imanin Hindu, Yama mai ɗaukar rai ya ziyarci 'yar'uwarsa Yamuna, allahiyar wannan kogi, a irin wannan rana, ta shafa masa alama a goshi, ta ciyar da shi.

Baƙo kan kira duk jan garin da ya gani sindur, alhali iri biyu ne. Sindur na tsagar kan matan aure ne. Wanda ake sa wa ɗan'uwa roli ne, ko kumkum: garin kurkum da aka haɗa da 'yar cuna, farar ƙasar nan da suke shafawa a ganyen taunawa. Ita ke juya rawayan kurkum ya koma ja. In ta yi yawa sai ta ƙona fata.

Na tsaya kusa da wata mata tana haɗa farantinta: roli rabin ƙaramin cokali, ɗigon ruwa uku ko huɗu, ta dama da yatsa har ya yi kauri kamar kwaɓin lalle. Nan ake gane gwana. Ruwa ya zarce, jan ya gangaro kan hanci. Ya gaza, garin ya kakkaɓe kafin a tashi. Ƙanenta ya zauna yana fuskantar gabas, hankici a ka. Da yatsan zobe na dama ta ɗiba, ta ɗora tsakanin girarsa ta ja sama, sannan ta manna ƙwayoyin shinkafa tun bai bushe ba. Shinkafar dole ta zama marar karaya, shi ya sa ake tsince ta tun a gida. Sai ta zagaya fuskarsa da fitilar man shanu, ta sa masa feda a baki (alawar madararsu ce, Matura ta yi suna a kanta), ta miƙa masa busasshiyar kwakwa. Shi kuma ya ba ta kuɗi.

Jan alamar albarka ce da roƙon tsawon rai, amma ba ko'ina ake amfani da shi ba. A Bengal kwaɓin sandal da kwalli ake yi, a Nepal launi bakwai ake jerawa a goshi.

A kasuwa sai an lura. An sha samun jar dalma a cikin gari mai araha (dalma ce gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010), kuma jan ma'adini na asali zaiba ne da farar wuta. Kafin in koma tasha na sayi ƙullin roli, na matsa lemon tsami a kan ɗan kaɗan a tafin hannu. Na kurkum yakan koma rawaya, na rini ba ya sauyawa. Nawa ya koma.