Wa zai gyara idan ta lalace?

Ƙungiyarmu ƙarama ce, a Kano take, kuma ba riba muke nema ba. Abu biyu muke yi waɗanda mutane da yawa ke ganin ba su da alaƙa. Muna kira a rungumi buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da izinin ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Muna kuma kare haƙƙin jama'a a intanet, kama daga sirrin bayanansu har zuwa samun sabis da faɗin albarkacin baki. Zaman da na yi a wannan aiki ya nuna mini cewa tambaya ɗaya ce a ƙarƙashin duka biyun: idan abu ya lalace, ko aka yi maka ba daidai ba, a hannun wa gyaran yake?

Hujjar da ake fara koya wa sabon shiga ita ce ta kuɗi: Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba a saye; LibreOffice, mai aiki irin na Office, ita ma ba a saye. A Jamus ko Faransa hujja ce mai nauyi. A kasuwar kwamfuta ta garinmu kuwa ba ta motsa kowa, domin kusan babu wanda ya taɓa biyan kuɗin lasisi. Ka sayi kwamfutar gwanjo, yaron shago zai loda maka Windows da Office da CorelDRAW na bayan fage kafin ka gama cinikin jaka. Wani mai shagon buga takardu ya ce mini, "Malam, ni fa abin da kwastoma ya kawo a filashi shi nake buɗewa. In ya ƙi fitowa daidai, shagon gaba zai wuce." Gaskiyarsa ce, kuma ban ga dalilin da zan sa shi ya yi caca da abincin iyalinsa ba. Inda mutane ke tsayawa su saurara shi ne idan aka zo maganar tsohuwar na'ura. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya yarda da yawancin tsofaffin kwamfutoci. Irin waɗannan su ne suka cika makarantunmu da ofisoshinmu. Shugaban makarantar da aka ce masa na'urorinsa ashirin sun tashi daga aiki alhali lafiyarsu ƙalau, shi ne zai tambaye ka da bakinsa ko akwai wata hanya.

Ita kanta fafutikar daga matsalar gyara ta samo asali. A wajajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wata na'urar buga takardu ta Xerox ta riƙa cije takarda. Richard Stallman ya so ya gyara manhajarta don ta riƙa sanar da mutane, aka hana shi asalin rubutun manhajar, wanda sai da shi ake iya gyara ta. A 1983 ya sanar da GNU, aikin gina cikakken tsarin kwamfuta da buɗaɗɗiyar manhaja, a 1985 ya kafa gidauniyar FSF don tallafa wa aikin, a 1989 lasisin GPL ya fito da sharaɗinsa sananne: in ka raba manhajar da ka gyara, dole ka ba wa na gaba irin damar da aka ba ka. Da Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, sai ginin ya samu ginshiƙin da ya rage masa. Yau duk mai riƙe da wayar Android yana ɗauke da Linux a aljihunsa ko bai sani ba.

To amma izinin gyara daban, mai gyara daban, kuma a nan ne na fi daɗewa ina koyo. Kowa ya san labarin rijiyar burtsatse da ake haƙa wa ƙauye, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan wata shida ƙaramin ƙarfe ya karye, mata su koma rafi domin babu wanda aka koya wa kwance famfon. Haka ɗakin kwamfuta yake mutuwa. A saka Linux, yara su fara koyo, komai na tafiya. Sai a sayo sabuwar firinta ta ƙi aiki, ko a yi wa malamin da aka horar canjin wurin aiki. Shugaban makaranta ya kira mai gyara daga kasuwa, shi kuma abin da ya sani shi zai yi: ya goge komai ya mayar da Windows. Babu mugu a cikinsu, kowa hanyar da ya iya ya bi.

Saboda haka yanzu mai gyaran nan shi ne mutum na farko da muke nema, kafin ma shugaban makaranta. Akwai wani matashi da muka zauna da shi a shagonsa, wuri ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, ga gawarwakin laftof jibge har rufi. Ya ɗauko wata tsohuwa da mai ita ya haƙura da ita, muka tayar da ita da Linux daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Ya gwada sauti, ya gwada waya-fai, ya jona firintarsa, ya buɗe takardar wani kwastoma ya ƙura mata ido yana neman inda layi ya goce. Sai da ya gama duk wannan ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, in na iya wannan, nawa zan riƙa caja?" Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace faranta mini rai, domin ranar da gyaran Linux ya zama sana'ar da ake ci da ita, ba a ƙara bukatar mu a unguwar. A makarantun da babu intanet mukan haɗa masa da Kiwix, manhajar da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba, har da ta Hausa. Shi yake zuwa ya sabunta, makaranta ta biya shi.

Masu ba da tallafi ba su cika son jin wannan ba. Kuɗin taron ƙaddamarwa da bita ta kwana biyu a otal yana da sauƙin samu, domin ana iya ƙirga mahalarta a rubuta a rahoto. Kuɗin wanda zai riƙa leƙa ɗakin kwamfuta duk wata har shekara uku kuwa, sai an sha fama. Da farko na ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce, sai na ga har can ma haka take. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017, bayan shugabancin birnin ya canza hannu, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan duniya, sai ga shi gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Labarin XZ, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin yawancin na'urorin Linux, ya fi tayar mini da hankali. Mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita a matsayin sa-kai, ya gaji, sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutsawa na'urorin mutane. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta. Kasancewar rubutun a buɗe shi ya ba shi damar tonowa, barin mutum ɗaya da kaya kuma shi ya ba ɓarawon ƙofa. Duk mai wa'azin buɗaɗɗiyar manhaja da ke faɗin rabin farko ya ɓoye na biyu, bai yi wa masu sauraronsa adalci ba.

Ɓangaren haƙƙi ya fi wuya, kuma Zamfara ce ta koya mini haka. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar don yaƙi da ƴan bindiga. Mako biyu aka ce, amma wasu yankunan sai da suka kwashe watanni, kuma matakin ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su buga waya kawai, kafin ita ma Funtuwar a rufe ta. Masu POS suka zauna, ɗan da ke Legas ya rasa hanyar tura wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, mara lafiya ya rasa yadda zai kira ɗan'uwansa.

Duk da haka, mutane da yawa a yankin sun goyi bayan matakin, kuma ba jahilci ne ya sa su ba. Wani dattijo da ya yi gudun hijira daga ƙauyensu ya ce mini, "Ɗana, da wayar nan ake kira a ce mu kawo kuɗin fansa. Da ita infoma ke faɗa musu wanda ya sayar da shanu. Kai kana maganar haƙƙi, mu muna maganar rai." Ban da amsar da ta fi ƙarfin wannan, kuma ban nemi in kawo ba. Wanda ya zo wa irin wannan bawan Allah da takardar haƙƙin ɗan Adam da aka rubuta can Janeba a Turai, ya riga ya rasa shi. Abin da muka iya tattaunawa da shi, har ya gyaɗa kai, tambayoyi ne: wace doka ce ta ba da izinin rufewar? Wa zai duba bayan mako biyu ya ce ta yi amfani ko ba ta yi ba? In an kawo hari cikin dare, da me za a kira jami'an tsaro? Wa zai biya mai shagon da jarinsa ya karye? Ni ina ganin rufe sabis ga jiha guda hukunci ne a kan wanda aka zalunta, kuma ina faɗin haka a fili. Amma na koyi cewa a fara da yarda cewa tsoron mutane gaskiya ne, sannan a nemi hukuma ta kawo hujja, ta sa wa'adi, ta amsa tambaya. A Nijar ma an rufe intanet na waya kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, kuma tambayoyin nan ba su canza ba.

Aikin doka kuwa sai mai dogon numfashi. Ƙungiyar Paradigm Initiative da abokanta sun yi shekaru suna tura ƙudirin haƙƙoƙin intanet, majalisun tarayya biyu suka amince, sai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a Maris 2019. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma sai a Yulin 2022, bayan an riga an buɗe, Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Wani zai ce ihu bayan hari. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin hukuncin yana nan a rubuce, kuma da shi za a tunkari wanda ya sake gwadawa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama ƴan jarida da shi, sai a 2024 aka rage masa faɗi, kuma har yanzu ana kamun.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ita ce na fi ganin amfaninta a hannu. Wata malamar makaranta ta zo ofishinmu idonta ya kumbura. Ta ci ƙaramin bashi a wata manhajar ba da rance, ta yi jinkirin kwanaki, sai aka tura wa duk lambobin da ke wayarta saƙo da hotonta ana kiranta ɓarauniya, har da surukarta da iyayen ɗalibanta. Ba ta san cewa danna "na yarda" ya buɗe musu lambobinta ba. Muka zauna muka ɗauki hoton kowane saƙo da kwanan watansa, muka shiga saitin wayar muka janye izinin, muka rubuta ƙorafi zuwa hukumar kare bayanai da ta kare haƙƙin masu saye. Ta tambaye ni, "Malam, yanzu wannan zai goge abin da surukata ta karanta?" Na ce mata a'a. Abin da zai yi shi ne ya shiga cikin tarin ƙorafin da ke tilasta a ɗauki mataki, irin wanda ya sa FCCPC, wato hukumar kare haƙƙin masu sayen, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da rancen a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. Ta sa hannu. Daga baya ita ta riƙa kawo mana wasu matan.

Abin da muka sa a gaba yanzu ba ya ɗaukar hoto ko kaɗan. Gidauniyar FSFE ta Turai ta fara wani kamfe a 2017 mai cewa manhajar da aka rubuta da kuɗin jama'a ta zama ta jama'a. Muna da misali a gida: DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, ita Najeriya ke tattara bayanan asibitoci da ita, kuma ma'aikatanmu na iya daidaita ta da bukatunsu ba tare da neman izinin wani kamfani ba. A gefe guda kuma akwai ma'aikatun da suka biya ɗan kwangila ya gina musu rumbun bayanai, kwangila ta ƙare, ya tafi da asalin rubutun da kalmar sirri, bayanan ɗalibai ko na ma'aikata suka maƙale a hannunsa. Don haka muke bin jami'an da ke rubuta takardun kwangila, ofis zuwa ofis, muna roƙon a ƙara sharuɗɗa uku: a miƙa asalin rubutun ga ma'aikata, a ajiye bayanai a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, a kuma ware kuɗin kulawa da horar da ma'aikatan cikin gida na shekarun da za su biyo baya. Na farko da na biyu akan karɓa ba gardama. Na ukun ne ake ce mana a bari sai kasafin baɗi, kuma a kansa muke komawa.