Taron Dangin Malama a Ilokos

Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a farkon shekarun 1980 zai tuna malaman nan 'yan Filifin da aka ɗauko don koyar da lissafi da kimiyya. Yawancinsu sun tattara sun koma da darajar naira ta faɗi. Matar kawuna tana cikin 'yan kaɗan da suka zauna. Ta musulunta, ta auri Kawu, ta hayayyafa a Kano, har gobe kuma Malama muke ce mata. Danginta da ke lardin Ilokos ta Kudu a ƙasar Filifin suna yin babban taron zumunci a ƙarshen Disamba duk bayan 'yan shekaru. A wannan karon ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sai ta ce babban ɗanta, wato taubashina, ya wakilce ta, ni kuma in raka shi.

Hanyar jirgi doguwa ce, ba abin faɗi a cikinta sai wani jami'i a ɗaya daga cikin ƙofofin da muka bi. Yana ganin koren fasfo ya ware mu gefe, ya bar bayanmu suna wucewa. Ya nemi tikitin dawowa, muka ba shi. Ya nemi takardar gayyata, muka miƙa. Da taubashina ya ce wajen dangin mahaifiyarsa za shi, sai ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi ya yi wata dariya mai cin rai, sannan ya turo mana fasfo ɗin a kan kanta ba tare da ya ɗago kai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don yaron nan bai taɓa ganin garin uwarsa ba, kuma da ɗoki ya fito.

A Manila abin da ya fara ɗaukar idona shi ne kwalaye. Manya-manya, an naɗe su da salatif, kowane matafiyi yana tura biyu ko uku. Tsarabar 'yan ci-rani ce: sabulu, cakulan, takalma, man shafawa, har da abincin gwangwani. Miliyoyin 'yan ƙasar suna aiki a waje, kuɗin da suke turowa gida a shekara ya haura dala biliyan 30, kuma Disamba ne watan dawowarsu. Mun samu Juma'a a Masallacin Zinariya da ke unguwar Kiyafo, wanda aka gina a 1976 saboda ziyarar Gaddafi, ziyarar da ba ta yiwu ba. A kewayensa muka ci shinkafa da kaza hankali kwance, daga nan muka hau motar dare zuwa arewa, tafiyar kusan kilomita 400.

Yayan Malama ne ya tarbe mu, dattijo da ya haura tamanin, tsohon manomin tafarnuwa da taba. Kowa Manong yake ce masa, wato yaya a harshensu. Malama ta riga ta koya mana gaisuwarsu: ka kama hannun babba ka ɗora bayansa a goshinka. Taubashina ya sunkuya zai yi, tsohon ya riƙe fuskarsa da tafi biyu yana kallo, hawaye na zuba. Wai goshin mahaifinsu ne sak. Ni kuwa ya ja ni ya ce, “Ɗana, wanda ya rako ɗan ƙanwata daga wannan nisa ba baƙo ba ne.”

Abin da ya kai mu filin da ke bayan gidansa ya nuna mana shi ne ba zan manta ba. Sababbin tukwane biyu, ko takardar kuɗin ba a ɓare ba, sabuwar wuƙa, sabon katakon yanka, ga ɗan akuya a ɗaure da kaji a kwando. Ya miƙa mini wuƙar ya ce mu yanka da hannunmu yadda addininmu ya ce. Mutanen nan Katolika ne, gasasshen alade shi ne darajar kowane bikinsu, amma suka kai nasu can ƙarshen fili, suka sa wata jikarsa ta tsaya a kan girkinmu kada wani ya yi kuskuren cokali. Da aka kawo miya na leƙa, sai ga lalo da zogale da kuɓewa, an ɗora soyayyen kifi a sama. Dinengdeng suke kiranta. Ruwa-ruwa ce, ba manja, ba yaji, wani jiƙaƙƙen kifi mai gishiri ne ke ba ta ɗanɗano. Kayan cikin akuyar kuma suka yi farfesunsa da ɗan matsarmama don ya yi ɗaci. Wannan kam sai wanda ya saba.

A filin ƙwallon kwando na unguwa aka yi taron, mai rufin kwano. A bakin ƙofa akwai teburin rajista: ka biya kuɗin shiga, a liƙa maka suna a ƙirji, a ba ka riga. Asalin dangin miji da mata ne guda, kuma zuriyar kowane ɗa daga cikin 'ya'yansu da launin rigarta. Reshen su Malama shuɗi ne. Na ce ni ba na cikin lissafi, Manong ya zura mini rigar da kansa a kan kaftanina.

A jikin bango an kafa wani ƙaton tamfol mai ɗauke da bishiyar zuriya, tsawonsa ya kusa cinye bangon. Taubashina ya bi shuɗin layi da yatsa har ya iso sunan mahaifiyarsa. A ƙarƙashi ga sunansa da na ƙannensa, sunayen Hausa tsaf ba kuskuren harafi, har da jaririyar da aka haifa masa bara, an rubuta Kano a gefe. Ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba.

Sakatariyar dangi, tsohuwar malamar firamare, ita ta ba ni labarin yadda aka haɗa shi. Daga littattafan baftisma na cocin garin ta tono tsofaffin sunayen. Abin da ya sauƙaƙa mata, in ji ta, tun 1849 gwamnan mulkin mallaka na Sifaniyawa Narciso Clavería ya ba da dokar kowane gida ya riƙe sunan iyali guda, aka raba wa garuruwa kundin sunaye. Sannan a al'ada ɗan Filifin yakan ɗauki sunan gidan mahaifiyarsa a tsakiyar sunansa, don haka dangin uwa ba sa ɓacewa a takarda. Ta nuna mini wani reshe da ya koma jihar Hawai ta Amurka gaba ɗaya: kakansu yana cikin dubban matasan da suka hau jirgin ruwa a tashar Salomage a 1946 don aikin gonar rake, hanyar da mutanen Ilokos suka fara bi tun 1906. Jikokinsa na nan a taron, harshen Ilokano ya kuɓuce musu, amma sun zo.

Mu Hausawa ba mu da abin tinƙaho kamar zumunci, muna cewa a ƙafa yake. To amma yaushe muke haɗuwa? Sai biki ko rasuwa. A danginmu, ban san matashin da zai lissafa sama da kakan kakansa ba, ɓangaren mata kuwa ko sunan kakar kaka ba a riƙe ba, tunda alkunya ta sa ba a faɗi. Kowane tsoho ya rasu, da nasa lissafin yake tafiya. Su kuwa sun rubuta, sun naɗa ma'aji, a gaban kowa ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe: kuɗin makarantar marayu, gyaran kaburbura, taimakon wani da aka yi wa aiki a asibiti. Wani dattijo ya yi gardama a kan wani lissafi, aka fito da rasit.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma, tara na safe ke nan a Kano, aka kira waɗanda ba su samu zuwa ba a babban allo, daga Kanada, Italiya, Dubai. Da fuskar Malama ta fito da mayafinta, filin ya kaure da ihu. Tun tasowata ban taɓa jin ta yi doguwar magana da harshenta ba sai ranar.

Ba komai ne ya burge ni ba. Da dare ya yi aka fito da giya da na'urar waƙa, kowa sai ya karɓi makirfo, mai murya da marar murya, har tsakar dare. Wasu daga cikin 'yan Amurka suna da nuna isa, suna watsa kuɗi yara na wawaso. Wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Riyad, wadda ta yi mana sallama da Larabci, ta ce mini ajiyarta ta watanni ta ƙare a tsaraba, kuma duk da haka akwai masu fushi. Wannan ɗabi'ar kam mun san ta a wajen masu dawowa daga Makka.

Kayan masarufi ba araha. Shinkafa safe, rana, dare, in ba ita an ce ba a ci abinci ba. Sun ba ni labarin ƙarshen 2022, lokacin da kilon albasa ya fi kilon nama tsada, na ce ina ma manoman Aliero sun ji. A Bigan, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, mun zaga titin duwatsu a keken doki. Na taya bargon saƙar hannu da suke kira abel, mai shagon ta ce peso 1,500, na yi tayi irin na Kwari, rabin kuɗi. Matar ta ɓata rai sosai. Su ɗan kaɗan ake ragewa. Jikar Manong ta shiga tsakani, muka daidaita a 1,200.

Mun leƙa Bangi muka ga injinan lantarki na iska a jere a bakin teku, washegari muka kamo hanyar Manila. Manong ya cika mana jaka da tafarnuwa da busasshen mangwaro na Malama, kaya suka yi nauyi, kuɗin ƙarin kilo da muka biya ya ninka kuɗin tafarnuwar.